Tabawa Amma-Fa da Birnin Baki Ɗaya

Ku matso ku ji abin da ya faru a Kwarin Ƙirya, tun zamanin da aljanu ke cin kasuwa tare da mutane, ba a gane su sai an dubi ƙafa.

A garin nan akwai wata mai daddawa, sunanta Tabawa, amma ban da mijinta babu mai kiranta haka. Kowa Amma-Fa yake ce mata. Dalili kuwa, ba a taɓa yanke magana a gindin ƙiryar ƙofar Maigari ba, face ta leƙo daga bayan taro, hannu duk kalwa, ta ce, "Amma fa..." Shi ke nan, magana ta dawo ɗanya. Kada ku ɗauka ita kaɗai ce mai baki. Mutanen Kwarin Ƙirya gardama a jininsu take. Nomau Sarkin Noma ba ya yarda da Ja'e makiyayi, Ja'e ba ya yarda da Cindo mai haƙar rijiya, shi kuwa Cindo, mijin Tabawa, shekara talatin da ɗaya suna tare bai taɓa yarda da ita ba ko a kan gishirin miya. Taron da ya kamata a tashi da hantsi sai ya kai la'asar. Maigari Tunau har ramewa ya yi.

Ana nan, wata ranar kasuwa cikin bazara, sai ga wani dogon baƙo, amawali ya rufe masa rabin fuska, yana rungume da gora baƙi wuluk. Ya durƙusa gaban Maigari. Da ya yi magana, muryar ba daga amawalin take fitowa ba, kamar daga bayan gari ake aiko ta.

"Ranka ya daɗe, labarin wahalarka ya iso mana. Garinka yana da kawuna, abin da ya rasa shi ne baki ɗaya. Kowa ya hura cikin goran nan sau ɗaya, daga yau gardama ta ƙare, hankalinku ya haɗu wuri guda. Ba na neman lada."

Maigari bai tsaya shawara ba, shi ya fara hurawa. Mutane suka yi layi suna dariya, don a ganinsu wasa ne. Da aka zo kan Tabawa sai ta naɗe hannu.

"Amma fa, baƙo, me ke cikin goran?"

"Babu komai, Uwar daddawa."

"To, in babu komai, me za ka yi da numfashinmu? Ni ba na hura abin da ban ga cikinsa ba. Gaba!"

Baƙo ya toshe goransa ya ce mace ɗaya ba ta rage komai. Tabawa ta bi shi da ido har ya kai tsohuwar kukar bayan gari, ya sunkuya ya shige kogonta, bai fito ba.

Wallahi kwana bakwai na farko gari ya yi daɗi. Duk wanda ya fara buɗe baki, sauran su ce, "Haka ne." Taro kafin a gyara zama an tashi. Maigari ya soma yin ƙiba. Tabawa kuwa abin ya tsaya mata a wuya. Ta zuba wa miya gishiri har ta yi ɗaci da gangan, ta ajiye gaban Cindo, ta ce, "Maigida, yau miyar ta yi daidai." Ya kai loma, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Haka ne." Ta koma madafa ta zauna, ranta ya ɓaci ƙwarai, don wannan ba mijinta ba ne, gangar jikinsa ce kawai.

Ranar Alhamis aka yi wani ɗan ruwa, irin wanda ke jiƙa saman ƙasa ya bar ƙarƙashi a bushe. Maigari ya leƙa waje ya ce, a bakin wasa, "Kai, wannan kamar ruwan shuka. Asabar sai a fito da iri duka." Gari ya amsa, "Haka ne."

A da, nan ne Ja'e zai ce bai ga shamuwa ta iso ba, Cindo ya tona ƙasa ya auna danshi da hannu, Nomau ya dubi gabas ya girgiza kai. Yanzu babu ko ɗaya. Kuma irin da ke rumbunan gari shi ke nan, babu wani. In aka zuba shi a ruwan ƙarya ya tsiro rana ta ƙone shi, Kwarin Ƙirya ta shiga yunwar shekara guda.

Tabawa ta fito tsakiyar gari tana ihu. "Jama'a, kun haukace ne? Wannan ba ruwan shuka ba ne! Kada wanda ya taɓa iri!"

Suka ce, "Haka ne," suka ci gaba da wasa sungumi. Maganar da ta riga fita ita ce magana, babu mai iya kwance ta, har shi Maigarin da ya faɗa.

Tabawa ta shiga gida ta ɗaura ɗamara, ta ƙulla curin daddawa bakwai a gefen zane, ta ɗauki muciyarta da 'yar tukunya, ta nufi kuka. Ta yi bismilla ta sunkuya ta shige.

Sai ta tsinci kanta a wata ƙasa mai jan yashi, inda rana ke tsaye tsakiyar sama ba ta motsi, itatuwa kuma saiwoyinsu a sama, rassa a ƙasa. Ba ta yi nisa ba ta ji ƙasa na rawa. Kwarkwasa ce, kowace kamar akuya, dubu bisa dubu, suna tafiya a da'ira, kowace na bin gindin ta gabanta. Gefen da'irar gawarwakinsu ne tuli guda.

Tabawa ta ɗaga murya. "Sannunku da tafiya, bayin Allah! Ina aka nufa?"

Wata mai jan kai ta amsa ba tare da ta tsaya ba. "Gida muka nufa, ya ke 'yar Adam. Shekara arba'in muna kan hanya."

"Wa ke ja muku gaba?"

"Ta gabana."

"Ita kuma fa?"

"Ta gabanta. Mu dubu ɗari ne, ya ke 'yar Adam. Dubu ɗari ba sa ɓata hanya."

"Amma fa tun da na tsaya nan sau uku kina wuce ni. Ga tabon goshinki ma na gane."

"Ba a tsayar da rundunar kwarkwasa. Kauce, ko mu bi ta kanki."

"Ku bi mana!" in ji Tabawa, ta gitta muciyarta a tsakiyar layin, ta dafe ta da ƙafa. Mai jan kai ta yi karo da muciya ta faɗi, na baya suka hau kanta, layi ya tarwatse. A cikin ruɗanin nan kowace ta ɗaga kai ta shinshina iska da hancinta, sai ga wata 'yar ƙarama tana cewa ta ji warin gida ta yamma. Ashe ramin nasu bai fi taku ɗari ba. Mai jan kai ta zube gaban Tabawa ta ce, "Kin fanshe mu. Duk inda kike a ƙasar nan, buga muciyarki sau uku, za mu zo." Da Tabawa ta tambayi inda baƙo mai gora ya bi, ta nuna mata hanyar wani dutse.

Dutsen nan santsi gare shi kamar an shafa mai. Tabawa ta hau da rarrafe, gwiwa duk ta ƙuje, tana hawa tana tsine wa baƙo da goransa. A ƙwanƙolin ta tarar da wani tsohon aljani mai ido ɗaya, gemunsa ya zagaye dutsen sau biyu, ya tanƙware kamar baka, yana nishi.

"Na san ki, Tabawa ta Kwarin Ƙirya," in ji shi. "Ni ne Ni-Kaɗai. Na san adadin yashin da kika taka da sunan kowace iska. Shekara ɗari bakwai da na bar taro, domin taro garke ne, garke kuwa ba ya tunani. Ke kaɗai ce mai hankali a garinku. Bar su su shuka yunwarsu, ki zauna nan, mu biyu mun ishi duniya."

Maganar ta ɗan yi mata daɗi, ba zan ɓoye muku ba, don babu wanda ya taɓa ce mata mai hankali. Amma nishin nan nasa ya dame ta.

"Baba, me ya tanƙwara ka haka?"

"Nauyin ilimi ne, 'yata. Wanda ya san abin da na sani dole bayansa ya yi ciwo."

Tabawa ta zagaya bayansa ta duba, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Amma fa, Baba, aduwa ce ta tsiro maka a gadon baya! Ga ta nan da ƙayarta, har tsuntsaye sun yi sheƙa."

"Ƙarya kike! Da akwai, da na sani."

"Da wane idon? Ɗayan da ke gaba?" Ta kafa ƙafa a ƙugunsa, ta sa muciya ta banƙare itacen, ta fizge shi da saiwarsa. Ni-Kaɗai ya ƙwalla ƙara har dutse ya tsage, sannan ya miƙe tsaye sak, karo na farko cikin shekara ɗari shida. Ya daɗe yana kallon aduwar, kunya ta rufe shi.

"Ki bi tsagin nan ki gangara," in ji shi a hankali, "zai kai ki Birnin Baki Ɗaya. Gardamar mutane ita ce abincin Bakin da ke mulkin aljanun birnin, goranku kuwa yana layi. Doka ɗaya gare su: baƙo yana da tambaya guda. In suka amsa da murya ɗaya, baƙo ya hura a gora. In amsarsu ta rabu, ya ɗauki abin da ya zo nema. Ba a taɓa raba su ba. Masana sun tambaye su taurari da ƙarƙashin teku, duk suna cikin gora yanzu."

Tabawa ta gangara. Birnin yana da ganuwa mai sheƙi da kasuwa cike maƙil, amma ko tari ba ka ji. Aljanu ne dubbai, kowa da ido da kunne da hanci, wurin baki kuwa fata ce a shafe sumul. A ƙofar fada ta ga baƙon nan ya sauke amawali, shi ma haka yake. A jikin bangon fadar kuwa ga Bakin, shi kaɗai, leɓɓansa kamar kwalekwale biyu, haƙora kamar turame. Sama da shi an rataye goruna sun fi ɗari.

Bakin ya buɗe, iska ta kusa kayar da ita.

"Maraba da wadda ta ƙi hurawa. Dubi birninmu, ya ke 'yar Adam. Kawuna dubu goma, magana ɗaya. Ba mu taɓa yin kuskure ba."

"Wa zai faɗa muku in kun yi?"

Bakin ya ce, "Wannan ce tambayarki?"

"A'a, wannan gaisuwa ce. Tambaya tana tafe. A ba ni wuta da ruwa."

Aka kawo. Aljanu suka kewaye ta, na gaba suka zauna, na baya suka yi ɗage. Tabawa ta kafa duwatsu uku, ta ɗora 'yar tukunyarta, ta kwance gefen zane. Curi huɗu ta marmasa cikin ruwan zafi tana motsawa da muciya, curi uku kuwa ta farfasa su ɗanye ta watsa cikin taro. Daddawar Tabawa fa ba ta wasa ba ce, wadda kalwarta ta kwana uku a rufe ce, ko a Kwarin Ƙirya sai da maƙwabta suka kai ƙararta sau biyu.

Ta zuba ido. Wani aljani ya buɗa hanci yana lumshe ido. Na kusa da shi ya toshe nasa da yatsu biyu. Wata tsohuwa ta matso kusa da tukunya, wani ƙato ya ja da baya har ya taka na bayansa.

Tabawa ta miƙe, ta riƙe ƙugu. "To, ya kai Baki mai magana da yawun dubu goma, ga tambayata. Wannan abin da ke tashi, ƙamshi ne ko wari?"

Bakin ya buɗe da ƙarfinsa. "Ƙam..." Sai leɓen ƙasa ya murɗe. "Wa... wari... ƙam... ƙamwa..."

"Ban ji ba! Murya ɗaya aka ce!"

Leɓen sama ya ja gabas, na ƙasa ya ja yamma, harshe ya naɗe kamar tabarma. Bakin ya yi ta kokawa da kansa, bango na tsagewa, har ya yage biyu da wata ƙara kamar tsawa. A daidai lokacin fatar fuskar tsohuwar nan ta tsage, baki ya fito, ta ce da muryar da ta yi tsatsa, "Ƙamshi ne, wallahi! Ku ba ni in ɗanɗana!" Ƙaton nan shi ma nasa ya ɓalle, ya ce, "Ƙamshin me? Mushe ne wannan!" Kafin ka ce me, birni ya kaure, dubu goma kowa da bakinsa, ana ta musu. Wata ma ta nuna ganuwa tana cewa shekara ɗari tana ganin ta karkace ta rasa bakin faɗa.

Tabawa ba ta tsaya kallo ba. Ta hau kan tarkacen bango, amma gorunan duk baƙaƙe ne, iri ɗaya. Ta dinga kara kunne ɗaya bayan ɗaya, tana jin gardamar garuruwan da ba ta sani ba. A na goma sha tara sai ta ji wata murya can ciki tana cewa, "Ke dai Tabawa, hannunki bai san gishiri ba." Ƙwalla ta zubo mata. Ta ce, "Ga ɗan neman nan," ta ciro goran ta goya shi a baya kamar jariri. Ta ce wa baƙon ya mayar da sauran inda ya ɗebo su. Ya buɗe sabon bakinsa ya ce, "Amma..." Ta ce, "Madalla, ka fara warkewa. Mayar dai."

Ta buga muciya sau uku. Kwarkwasa suka ɓullo daga yashi, suka ɗauke ta a bayansu, suka yi ta gudu da ita har bakin kogon kuka.

Da ta fito, hantsin Asabar ne. Gari duka yana bakin gonaki, maza a jere da sungumi, mata da ƙoren iri, rumbuna a buɗe wayam. Sungumin Nomau ya riga ya tashi sama. Tabawa ta sheƙa a guje, ta sauke goran a kan wani dutse, ta ɗaga muciya da hannu biyu ta rafka masa.

Goran ya fashe. Wata guguwa ta fito tana surutu, ta bi mutane tana shiga bakinsu, kowa ya yi tari ya yi atishawa. Tabawa ta hau dutsen tana haki.

"Kada a shuka ko ƙwaya ɗaya! A mayar da iri rumbu duka, sai damina ta zauna!"

Ta duba, ta ga leɓɓansu suna shirin haɗa "haka ne".

Sai wata murya daga baya ta ce, "Amma fa, Tabawa, ke daddawa kika sani, ba ƙasa ba."

Cindo ne. Ya ratso taro yana karkaɗe hannu. "Tudu a bushe yake, wannan gaskiyarki ce. Amma fadamar yamma jiya na tona ta wajen aikin rijiya, danshi ya kai kamu guda. In ba a shuka ta yanzu ba, ruwa na zama za ta cika, mu rasa ta bana."

"Fadamar yamma?" in ji Ja'e. "Nan ne mashayar shanuna! Kuma shamuwa ba ta iso ba, sai nan da kwana goma."

"Shamuwarka ta yi ƙarya bara," in ji Nomau. "Kuma gero ba ya son fadama, dawa za a sa."

Maigari Tunau ya dafe kai ya ce, "Wayyo, sun dawo." Ya nemi inuwa ya zauna.

Aka yi ta yi har la'asar, har da nuna yatsa da tuno laifin kakanni. Abin da aka tashi a kai, babu mutum ɗaya da ya zo da shi daga gida. Aka shuka dawa a rabin fadama, aka bar wa shanu hanya ta gefen rafi, gero kuwa aka mayar da shi rumbu. Kwana goma sha shida rana tana ƙuna babu ɗigon ruwa, da an zuba geron nan da ko tsinke bai tsira ba. Dawar fadama kuwa ta yi kore shar, kuma ita ta ciyar da gari cikin watan da rumbu ke ƙarewa kafin sabon gero ya nuna. Da an bi ta Tabawa tsantsa, da wannan watan an sha wuya, ita ma ta sani, ko da yake ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba.

A yammacin Asabar ɗin nan dai, da aka watse, ta koma gida ƙafa duk ƙaya, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya da ɗan ragowar daddawar da ta maƙale a gefen zane. Ta auna gishiri da kyau, yadda ba ta taɓa aunawa ba. Ta ajiye gaban Cindo, ta tsaya a kansa da muciya a hannu.

"Maigida, yau miyar ta yi daidai."

Ya kai loma, ya tauna, ya ɗaga kai ya dube ta.

"Daidai a ina? Salam take, kamar ruwan wanke hannu."

Tabawa ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta, ta goge ido da gefen zane. Sannan ta juyo, ta gyara ɗamara, ta ce, "Amma fa..."